Takardun da Malam Sabo Ya Ɗaura wa Takubba

Ina kasuwar Maigatari ranar Alhamis wayata ta yi ƙara. Hajiya Talatu ce, matar malaminmu. Ta ce, "Habu, malaminku ya cika. Ya ce a ba ka makullin ɗakin." Na yi salati, amma maganar makullin nan ce ta fi tsaya mini a rai.

Malam Sabo ne ya koya mana zane a Gumel. Yana saurayi aka tura shi kwas Landan, ya dawo da labarin ɗaki ɗaya tak na wani gidan tarihi. Kwatance yake mana kamar gobe za mu tafi: "In kun shiga gidan tarihin, kada cunkoson masu kallon gawarwakin Masar ya ja ku. Ku hau bene har ƙarshe, can kayan Japan suke." Sai ya shiga ba mu labarin sulke mai fuskar ƙarfe, da kofunan shayi, da takobin da maƙerinsa ya sassaƙa sunansa a ƙarƙashin mariƙi. Muka laƙaba masa Malam Japan, bai taɓa jin haushi ba. Sai dai kullum da magana ɗaya yake rufewa, fuska ba walwala: "Kayan da ya rasa mai shi, gilashi yake shiga a ƙasar wasu."

Tsoron nan ne ya sa shi yawo a babur ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, yana karɓar tsofaffin takubba da sirada da sassaƙaƙƙun ƙore, yana adana su a wani ɗaki a gidansa. Amana ce, ba saye ba. Kowanne ya ɗaura masa takarda da zare, da sunan mai shi da na wanda ya yi shi. Dillalan ƙasashen waje sun sha zuwa neman ya sayar musu. Yakan ba su shayi ya rako su bakin mota hannu wofi.

Shekara biyu yana jinya, kuma saboda girmansa ba wanda ya iya cewa a buɗe ɗakin a duba. Har da ni, kuma abin yana cina. Ranar sadakar uku na buɗe. Gara ta cinye takardun kaf, sai zare yana reto.

Da na fito, wani baƙo mai farar mota da ya zo ta'aziyya ya kira ni da sunana, alhali ban taɓa ganinsa ba. Ya tambaya ko makullin yana hannuna. Nura, babban ɗan marigayi, ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya Habu, abin da ba suna a jikinsa, ai gado ne."

Na raka Malam wasu tafiye-tafiyen. Ina tuna wasu gidajen, wasu sun kwanta mini.

Allah Ya jiƙan Malam Sabo, Ya haskaka makwancinsa, Ya karɓi amanar da ya riƙe. Allah Ya ba Hajiya da 'ya'yanta haƙuri, Ya tsare su daga cin haƙƙin wani. Ni kuma Ya dawo mini da sunayen nan kafin sadakar arba'in, don ranar ce baƙon ya ce zai dawo.