Dutsen da Ɗanlami ya ajiye a gindin lemo

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar ƙanena, Dakta Ɗanlami, malamin jami'a. Mu biyar ne a tsakar gidana ranar Alhamis ɗin da ya yi mini zuwan ƙarshe: ni, da shi, da matarsa Binta da ta biyo shi gaishe ni, da ɗalibansa biyu, Auwalu ɗan nan cikin gari, da Rifkatu 'yar Bogoro. Ranar Litinin jininsa ya hau yana kan hanyar Gubi, kafin la'asar mun yi masa sutura. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ni ban yi boko ba. Faɗa nake ana rubuta mini, kuma na ce a karanta mini in ji, kada a ƙara gishiri.

Ni na yi renonsa bayan rasuwar innarmu, da sana'ar kunu da ƙosai. Da ya girma sai ya karanci sha'anin roba da leda, abin da suke kira folima. Na daɗe ina ganin abin wasa ne, ƙato da gemu yana dafa roba, har ranar da akuyata ta kumbura ta daina cin dusa. Mahauci ya farke tumbinta, sai ga leda cunkus, yawanci ma tawa ce ta kunu. Ɗanlami ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Tun daga nan ya sa ɗalibansa neman leda daga sitacin rogo, wadda za ta riƙe kunu mai zafi, in kuma aka yar da ita ƙasa ta cinye ta.

Ga yadda yake horon su. Duk Alhamis bayan la'asar sai ya kwaso su daga ɗakin gwaji ya kawo gidana da abin da suka yi. Da farko ɗalibi zai gaya mini aikinsa da Hausa. Ranar da Auwalu ya fara zuwa, ya gyara tabarau ya kama zuba Turanci. Na bar shi ya kai aya, sannan na ce, "Ɗan nan, da wa kake?" Ɗanlami ya yi dariya har da ƙwalla. Ya ce masa, "Wanda ya kasa gaya wa Yaya abin da yake yi, shi ma bai sani ba tukuna." Bayan bayani sai gwaji. In ɗebo kunu daga kan wuta, in zuba a ledar, in ƙulle yadda nake ƙulla wa masu saye, in ɗaga. Ba na ragi, ba na duban fuska. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Wadda ta fashe ba ya bari a yar. Yana da wata tsohuwar kwalla da ya ara a wurina, bai kuma mayar ba, a nan ake tara su, kowace da lambarta da sunan mai ita. Ya ce mai bincike da ke ɓoye abin da ya lalace masa, gobe zai ɓoye gaskiya. In an buga aikinsu a mujallar masana, sunan ɗalibi ne a gaba, nasa a ƙarshe. In za a yi taron masana a wani gari, shi zai tuƙa su a motarsa, ya tura su gaban jama'a, ya koma kujerar baya yana gumi kamar shi ake yi wa tambaya. Na taɓa yi masa faɗa a kan haka. Na ce, "Kai da wahala, su da suna?" Ya ce, "Yaya, ke kin sa sunanki a takardar digirina?" Ban sake tada maganar ba.

A waccan Alhamis ɗin ledar Rifkatu ce a layi, ta goma sha ɗaya. Tana da kyau a ido, garai-garai. Na zuba, na ƙulle, na ɗaga. Ta ɗan jure, har Auwalu ya fara tafi, sai fus, kunu a zanen Binta. Rifkatu ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba. Na ce mata, "Ke, hawaye ba ya ɗinke leda." Ɗanlami kuwa sai ya karɓi wuƙata ya yanko wani sashe na ledar da ta fashe, ya ɗaura masa 'yar waya mai lamba, ya ɗauko ledar kanti ya ɗaura mata tata. Ya tona rami a gindin lemon tsamina, ya binne su gefe da gefe, ya ɗora dutse. Ya ce da Rifkatu, "Kunu ya kayar da ke. Bari mu ji ta bakin ƙasa." Ni kuma ya ce mini, "Yaya, wata uku. Kada kowa ya ɗaga sai na zo."

Ban ɗaga ba. Shekara bakwai ina zagaye dutsen nan da tsintsiya. Masu gyaran katanga sun so su gusar da shi, na ce wanda ya taɓa ya tattara kayansa. Na san ba zai zo ba, ba hauka nake ba. Amma shi ne abu na ƙarshe da hannunsa ya ajiye a gidana.

Sau da yawa in ruwa ya sauka, na ga kwatocin Bauchi sun toshe da leda, nakan ce da Ɗanlami zai leƙo da me zai ce? Ina jin ba zai yi mita ba, tsugunawa zai yi ya tsinta ya duba kaurinta. Unguwar Gwallameji da ya sani da 'yan gidaje yanzu ta cika maƙil. Ɗalibai kuma komai a waya suke nema, kowa na sauri ya gama ya fita. Auwalu yana ƙasar waje, yana aiki a wani babban ɗakin gwaji, duk Sallah sai ya kira ni, kuma da Hausa tsantsa, ya san hali. Malaminsa zai yi murna da shi, ya kuma ji zafin nisan. Abin da na tabbata zai fara tambaya shi ne wa ke zama a kujerar baya yanzu yana yi wa yara gumi.

Ɗalibin da malaminsa ya rasu maraya ne, ko da yana da furfura. An mayar da Rifkatu hannun wani malami, mutumin kirki, amma hanyar bincikensa daban. Ta gama, ta zama dakta, ta samu koyarwa. Ga aji, ga tarin takardun jarrabawa, ga 'ya'ya biyu. Ledar rogo ta zama aikin in an samu sarari. Sau biyu tana neman tallafin bincike ba a dace ba. Takan zo gaishe ni da Kirsimeti da Sallah, da cincin ɗinta, amma ba ta ƙara kawo mini leda ba.

Alhamis ɗin da ta wuce ta zo ba Sallah ba Kirsimeti. Ta ce an ba ta aikin ofis a Abuja, ana jiran amsarta ƙarshen wata, za ta ajiye bincike. Ta ce, "Mama, shekara bakwai ban fitar da abin nunawa ba. Ƙila Malam ya yi kuskure a kaina."

Na ce, "Ɗalibai nawa ne a hannunki?"

"Uku, Mama."

"Uku, kuma ko ɗaya ban san fuskarsa ba? Kunun ne ya ƙare, ko ni ce na mutu?"

Ta yi 'yar dariya. Da za ta fita na ga ta tsaya ta dubi gindin lemo, sannan ta ja mayafinta ta wuce.

Ba na hana kowa cin abincinsa, Abuja ma gari ne. Amma na zauna na auna abin da ya rage na Ɗanlami. Motar an sayar. Littattafansa suna kwali a ɗakin Binta, ba mai buɗewa. Kwallar ma ban san inda ta shiga ba. Abin da ya rage shi ne halin nan na ɗaukar yaro a tsaya masa har ƙafarsa ta yi ƙwari, kuma wannan ba a ajiye shi a kwali, a jikin mutum yake zama. A Bauchi, a jikin Rifkatu kaɗai ya rage. Sai na ga ashe ni ma da laifina. Ya bar mata amsa a ƙarƙashin dutse, ni kuma na zauna a kai shekara bakwai ina gadi, don kawai kada in taɓa inda hannunsa ya taɓa.

Washegari da na idar da sallar asuba na ɗauki fartanya. Na ce, "Ɗanlami, ka yafe mini, ba ka zo ba." Na ture dutsen na tona a hankali. Ledar kanti na nan yadda aka binne ta, ko rubutun jikinta bai goge ba. A gefenta kuwa sai 'yar waya mai tsatsa da lamba goma sha ɗaya, da baƙar ƙasa, da saiwar lemo ta ratsa wurin. Na ƙulle su a haɓar zane, na tari keke zuwa gidan Rifkatu a Gwallameji. Na same ta tana shirin fita aiki. Na kama hannunta na zuba mata su, har da ƙasar.

Na ce, "Ga ta kanti. Taki ƙasa ta cinye. Rabin aiki ya yi, saura kunu. Alhamis bayan la'asar, ke da yaran nan uku."

Ta buɗe baki za ta yi magana, ban tsaya ji ba, mai keke na jirana. Ina isa gida na mayar da dutsen mazauninsa, na auno gero na kai surfe.