Baƙin Mai a Fiffiken Tsuntsu

Muna idar da sallar asuba muka bar unguwar Catford ta London, ni da wani abokina mai aiki a ofishin jakadancinmu. Ni gwamnati ce ta turo ni karatun kula da namun daji, malamina kuma ya ce ba zai sa mini hannu ba sai na je tsibirin Shetland na ga yadda ake lura da tsuntsayen teku. Abokina kuwa hutu ya samu ya biyo ni.

Jirgin ƙasa ya sauke mu Aberdeen da la'asar. Garin ya cika maƙil da ma'aikatan haƙar mai, shayi ma ya yi tsada kamar da zuma aka haɗa shi. Daga nan muka hau jirgin ruwa, inda abokina ya bai wa teku duk dambun naman da matarsa ta yi mana guzuri.

Tsibirin ba ka ganin bishiya, sai tumaki da iska. Kwana biyun farko na ga abin da ban gani ba ko a fadamar Haɗejiya. Duwatsu sun yi fari fat da tsuntsaye. Akwai wani ɗan gajere mai jan baki, yana taku kamar alƙali, ƙananan kifaye jere a bakinsa. Ƙasa kuma wasu dabbobin ruwa masu kan kare na shan hantsi.

Rana ta uku muka gangara wani lungu kusa da inda ake gina tashar mai. Wari ne ya fara tarbar mu. Wani jirgi ya zubar da mai, gaɓar ta yi baƙi ƙirin, tsuntsaye kwance, wasu na jan ciki. Wata tsohuwa, matar masunci, na durƙushe tana wanke su a baho. Na tuɓe kwat na kama mata. Wanda na fi daɗewa a kansa a hannuna ya mutu, da sauran ɗuminsa.

Ta tambayi ƙasarmu. Da na ce Nijeriya, abokina ya ƙara da alfahari cewa mu ma Allah ya ba mu mai. Ta ɗago ta dube shi.

"To, wa ke wanke naku tsuntsayen?"

Ban ma taɓa tambayar kaina ba.

Washegarin dawowarmu London aka gayyace mu walima, wani babban ma'aikaci ɗan ƙasarmu ya sayi mota zai aika gida. Na ba da labarin tafiyar. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, wato gwamnati ta turo ka Ingila wankan tsuntsu?" Aka kwashe da dariya. Abokina, wanda ya tsaya a gaɓar nan ya toshe hanci, ya fi kowa ƙyaƙyatawa.

Abin da tafiyar ta koya mini ke nan: ranar da arziki ya sauka, mai cewa a dubi abin da ake takawa shi ne mahaukacin gari. Nan da wata huɗu zan koma gida na kama wannan aikin.