Gem Ɗin Amurka da Ragon Baba

Shekarar da ciwon gwiwa ya raba Baba da aikin gadi a Ikeja, saura kwana tara Babbar Sallah babu rago a ƙofar gidanmu. Tun kafin a haife ni bai taɓa tsallake layya ba. Shi ne mai sammakon zuwa kara, ya dawo yana kushe ragunan maƙwabta. A wannan karon ya ce mana ai layya ga mai hali take. Gaskiya ya faɗa, amma ya daina fita majalisa bayan la'asar, don a layinmu na Agege babu zancen da ake yi sai na rago. Abin ya tsaya mini a rai.

Ni ɗinki nake yi, Yaya kuma yana tuƙa okada. Muka haɗa abin da muke da shi, bai fi rabin ƙaramin rago ba. Sai Yaya ya tuna da kwalin da ke ƙarƙashin gadon Inna: na'urorin gem uku, da kasakasai, da faya-fayai. 'Ya'yan ogan Baba ne da suka yi zaman Amurka ke miƙa masa duk wadda suka gaji da ita, shi kuma ya kawo mana. A kansu muka girma, kuma ko Yaya zai musa har gobe, ni ce ke cin sa.

Ba tare da shawara ba, Yaya ya kira mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa. Mutumin ya rataye kwalin a sikeli ya ce duk roba ce, ba nauyi. Abin da ya taya ko kaza ba zai saya ba. Raina ya ɓaci, na ƙwace kwalin na ce, "Yaya, wannan ba murfin tukunya ba ne."

Na taɓa ji daga mijin wata mai kawo mini ɗinki cewa tsofaffin gem sun dawo da daraja a kasuwar Alaba, manyan da suka buga su da ƙuruciya ke nemansu. Amma farashi biyu ne a can. Akwai na kayan da aka gwada aka ga suna aiki, akwai na wanda ba a gwada ba, wanda da shi da bola kusan ɗaya. Na ajiye keken ɗinki yini biyu, ina goge bakin kowane kaset da auduga da sifirit. Na aro talabijin irin ta da, mai ƙatuwar ƙeya, wurin wata tsohuwa Bayarabiya da ke bayan gidanmu. Ƙanana biyun suka kama nan take.

Ta ukun, mai launin toka, ita ce babbar, kuma ita ce mai rigima. Wutar Amurka ta sani, wadda ba ta kai tamu ƙarfi ba. Sai an bi da ita ta wata 'yar taransifoma mai rage ƙarfin wuta, in ba haka ba ta ƙone. Baba ya sha ja mana kunne a kan wannan. Na nemi tamu na rasa, ashe Yaya ya daɗe da sayar da ita saboda tagullar ciki. Na kalle shi kawai. Mai gyaran rediyo na bakin titi ya ara mini tasa, mai nauyi kamar dutsen niƙa, na jona, na'urar ta kawo.

Washegari na ɗauki jaka na hau motar danfo har Ojo, inda kasuwar Alaba take. Na shiga shagon wani mai sayen tsofaffin gem, ya dubi hijabina ya yi murmushi.

"Hajiya, na ya pikin gem?" ya ce, wai ko na ɗana ne.

"Nawa ne, oga. A gwada."

Ya gwada biyun, muka yi ciniki. Ina sunkuye ina kiciniyar fito da taransifoma, sai na ga ya ɗauki wayar babbar ya nufi soket ɗin bango kai tsaye. Ban san lokacin da na riƙe wayar ba.

"Oga, abeg! Wannan 'yar Amurka ce. Ka jona ta haka, ka ƙona, sannan ka ce mini ba ta aiki?"

Ya saki wayar yana dariya, ya ce bai lura ba. Har yau ban sani ba ko mantuwa ce ko dabara, ban kuma ɗora masa laifin da ban tabbatar ba. Na dai jona da hannuna. Hoto ya fito, kiɗan nan na da ya tashi, masu wucewa suka fara tsayawa. Mai shagon ya ce ai hannun buga gem ɗin na biyu ba lallai yana aiki ba. Na miƙa masa na farkon, na ɗauki na biyun, na sa kaset ɗin dambe. Sau uku a jere na kai shi ƙasa. 'Yan kallo suka dinga ihu suna cewa Hajiya ta kashe oga. Wani mutum mai ɗan furfura ya matso ya tambayi nawa zan sayar. Jin haka mai shagon ya ƙara kuɗi da sauri, na sallama. Ina cikin danfon dawowa ina murmushi ni kaɗai, har wadda ke kusa da ni ta matsa.

Na samu Baba a ɗaki. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Na durƙusa na ajiye kuɗin a gefen dardumarsa, na ce ya je kara da kansa kamar kullum, kuma kada kowa ya ji daga inda suka fito. Mutuncinsa nake karewa. Ya dubi kuɗin, ya ce, "Uwata, Allah ya yi miki albarka." Sai ya nemi sandarsa.

Da la'asar ina kan keke na ji hayaniya a layi. Na leƙa. Baba ne tsaye a tsakiyar majalisa, sanda a hannu ɗaya, igiya a ɗaya. Ragon ɗan madaidaici ne, ƙahonsa ko lanƙwasa bai gama ba. Wani dattijo ya tsokane shi, "Malam, ashe dai akwai ajiya?"

Baba ya ɗaga murya yadda har masu shago za su ji.

"Ajiyar me? Sisina babu a ciki. Uwata ce ta je Alaba ta doke maza ta kawo."

Na koma ciki na zauna a gaban keke, na kasa zura zare a allura.