Ranar da Na Gyara wa Malam Lodi

Shekarun baya, lokacin bikin ’yar ƙanwata, ni aka wakilta na kai kayan ɗaki daga Tudun Wadar Gusau zuwa Nahuce, tunda uwa ba ta zuwa jere. Kayan nan kuwa ƙanwata ta daɗe tana tara su, yau kwano gobe tukunya, har da kabad mai gilashi da take rufewa da zani kada ko ƙuda ya taɓa. Da za mu rabu ta riƙe hannuna ta ce, “Yaya, amana.”

Maigidana yana da wata tsohuwar a-kori-kura wadda sai an lallaɓa ta take tashi. Gado da kujeru suka cika bayanta, don haka ya aro ƙaramar tirela wurin abokinsa ya ɗaura. Ya daɗe a tsugune yana duba ƙugiya, ya zarga sarƙa biyu, ya bi tayoyi yana dannawa. Shi da kansa ya yi lodi: buhunan shinkafa da turmi da jarkokin mai ya tura su gaba, wajen da tirelar ta haɗu da mota, kabad da kwanuka kuma ya bar su baya, ya rufe da tampol ya ɗaure. Daga nan aka kira azahar, ya tafi masallaci.

Ni kuwa na tsaya ina kallo, raina bai kwanta ba. Mu mata in za mu adana kaya, abin fashewa shi ake kaiwa can ƙurya, mai nauyi ya tare bakin ƙofa. Na ce a zuciyata, namiji dai bai san jere ba. Na kira matan gida, muka juya lodin kaf, muka mayar da tampol muka ɗaure yadda ya bari. Har wani daɗi nake ji na yi dabara.

Mun fita Gusau lafiya, muka kama hanyar Bungudu. Da muka zo wata gangara sai na ji motar ta fara rangaji. Na leƙa madubi na ga tirela tana kaɗawa, ta yi dama ta yi hagu, kuma kowace kaɗawa ta fi ta baya. Na kama salati. Na ce, “Malam, taka birki mana.”

Ya ce, “In na taka da ƙarfi yanzu sai dai a kwashe mu. Ki dai ci gaba da salatinki.”

Ya ɗage ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari cak bai karkata shi ko’ina ba. A hankali gudun ya ragu, tirela ta daina rawa, ya gangara gefen titi ya tsaya. Ya ɗaga tampol ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo.

“Uwar jere, ashe buhunan nan tafiya suke da ƙafarsu?”

Na sunkuyar da kai na ce, “Kabad ɗin na ji wa tsoro.”

Bai yi faɗa ba. Ya dafa wuyan tirelar ya nuna mini yadda nauyin baya yake ɗaga shi sama, har gindin motar ya rasa riƙon ƙasa. “Wanga ba ɗaki ba ne,” in ji shi, “nan mai nauyi shi ka shiga ƙurya.” Mu biyu muka sake lodin a cikin rana, ni da lullubin biki ina jan turmi. Ko cokali bai karce ba. Sauran tafiyar kuma kamar muna rakiyar jaki, masu babur suna ta wuce mu.

Da yamma ƙanwata ta bugo waya tana cigiyar abin da ya tsayar da mu, dangin ango sun gaji da jira. Kafin na buɗe baki ya karɓi wayar ya ce, “Kin san motata da tsufa, sai haƙuri.”

Abin da na koya shi ne, in na tarar an ajiye abu ba yadda na saba ba, na fara tambaya kafin na gyara. Amma abin da ya fi zama mini a rai maganar nan ce ta waya. Har yau in hirar bikin ta taso, ƙanwata sai ta ce motar Malam ta kusa kunyata ta, shi kuma ya gyaɗa kai ya ci gaba da cin goronsa. To ƙanwata, in kin karanta wannan, ki yafe wa motar. Ni ce.