Jitar da ba ta magana sai da wuta

Jarf ɗin, wato gonar bakin kogi, taku sittin ne a kan ruwa. A cikinsa akwai itacen lemun tsami goma sha ɗaya, mangwaro biyu, da filin albasa wanda kogi ke kwanta wa kowace damina ya bar masa baƙar ƙasa. Shinge ɗaya ya raba shi da nawa, kuma shekara goma ina leƙensa ta saman shingen nan. Mai shi ƙanen matata ne, gadon ubansa ne. Rana ɗaya ya zauna a shagona ya ce zai ba ni shi duka idan na samo masa wata jita. Ni kuma abin da na zuba don in samo ta, buhu tara ne na riɗi.

A lokacin ina da shago a Rusairis. Da jaki na fara, ina kai gishiri da allura ƙauyuka. Da aka zo ginin hazzan, madatsar ruwan nan, garin ya cika da Turawa ma'aikata, sai na gane cewa duk wanda zai koma gida ba ya son ɗaukar kaya. Na riƙa sayen gadajensu na ƙarfe, da tukwane, da fitilu, da rediyo, ina sayarwa har Abu Hujar. Ƙa'idata ɗaya ce, kuma ita ta riƙe mini shagon: ban taɓa sayar da abin da ban gwada da hannuna ba.

Ƙanen matata bakanike ne, mutum mai shekara talatin da 'yan kai. Ya yi shekara bakwai a Bor Sudan yana gyaran motocin alhazai masu zuwa daga Kano, har bakinsa ya juya. Mu muna cewa arabiyya, shi yana cewa mota. Muna cewa suk, yana cewa kasuwa. Nakan tsokane shi da Bakano, shi kuma ya ce ni Balaraben da bai gama nuna ba ne. Daga baya ya koma wani gareji a Madani, kuma a can ya shiga cikin masu kiɗan biki. Gidansu gidan malamai ne, kakansu da ƙafarsa ya zo daga Sakkwato, don haka ba a ambaton kiɗan nan a gaban manya.

Da ya zo hutun sallah ne ya ga jitar a hannun wani Bature mai haɗa wayoyi a hazzan. An ce aikin mutumin ya ƙare, zai tafi cikin wata. Ƙanen matata ba shi da abin sayenta, kuma dole ya koma bakin aiki. Da ya faɗi abin da zai bayar, na aje kofin jabana, wato gahawa, na dube shi. Na tambaye shi ko ya sha wani abu. Ya ce lafiyarsa ƙalau. Na ce jita fa na gani a Madani rataye a kanti, kuɗin akuya biyu. Ya ce waɗannan masu ciki ne, kwalaye ne. Wannan ba ta da ciki, katako ne guda, tana da ƙaho biyu da ƙugu, an yanka ta yadda za ta kwanta a haƙarƙarin mutum. Ya ce duk makaɗin da ya san hannunsa, daga Khartum har Kwango da muke ji a rediyo, irin wannan yake mafarki. Ya ce sau ɗaya Baturen ya ba shi ya riƙe, kuma tun ranar duk jitar da ya ɗauka ji yake kamar ya ari takalmin wani.

Ban taɓa jin ya yi wa mace irin wannan kirari ba, kuma na faɗa masa haka.

Da zai hau lori ya juyo ya ce, "Yaya, kada ka taɓa ta ka ji shiru ka ce ta mutu. Ba ta magana sai an sa mata wuta."

Na ce na ji.

Baturen ya sayar mini da gadonsa da tebur da risho ba gardama. Da na nuna jitar sai ya girgiza kai. Sau uku ina komawa. A na ukun ya faɗi kuɗin da ya sa na ɗauka ban ji Larabcinsa daidai ba, sai da ya zana mini a ƙasa. Na je na sayar da riɗin da na ɓoye ina jiran ya yi tsada. Ya so ya haɗa mini da wani baƙin akwati mai raga a gaba. Na duba, na ga rediyo ce wadda ba ta da wurin neman tasha, na ce ya bar kayansa. Ranar da zai miƙo jitar, ƙato ne mai gashi har a bayan hannu, amma sai da ya goge ta da rigarsa, ya sumbaci wuyanta, idonsa ya kawo ruwa. Na tsaya ina kallonsa. Na ga an rabu da doki, na ga an rabu da gida, ban taɓa ganin an yi wa katako kuka ba.

A gida na buɗe ta a kan angareb, gadon igiya. Nauyi gare ta kamar taɓarya. Jan fentin ya goge a inda hannu ke kwanciya har itacen ya fito. A gabanta an ɗaure wani farin faifai mai sheƙi da ƙusoshi, a kansa wasu ƙarafa uku da maɓallai. Na ja tsirkiya. Sauro ma ya fi ta murya.

Matata ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, wannan ne abin da za a ba da ƙasar ubanta a kansa? Tambayar da nake yi wa kaina ke nan. Ina son jarf ɗin, ba zan ɓoye ba. Amma in karɓi gona daga hannun ƙanen matata in miƙa masa bebiyar itace, wannan magana ce da za ta bi ni har kabari. Kuma wa ya sani ko Baturen ya lalata ta ne kafin ya sayar? Dole sai na ji ta yi magana da kunnena.

A ƙauyenmu akwai wani tsoho mai garaya, wanda ke yi wa masunta kiɗa. Na kai masa da safe bayan an sha shayi. Sanyi ne lokacin, yana zaune gaban kanun, kaskon gawayi. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa bayanta, ya ce wanda ya sassaƙa wannan bai gama aikinsa ba, a kira kafinta ya huda mata ciki. Na ce a'a, ba a huda kayan mutane. Har yau ina tuna yadda na ji daɗin hankalina a wannan lokacin. Sai na faɗa masa abin da mai ita ya ce.

Tsohon ya yi dariya ya ce ai sai in faɗa tun farko. Wane abin kiɗa ne ke magana da sanyin safiya? Ganga ma sai an gasa ta, garayarsa ma sai ta ji ɗumi fatar ke miƙewa. Ya ƙwanƙwasa farin faifan da farce ya ce, "Ga fatarta nan. Turawa ne, komai nasu fari."

Maganar ta zauna mini daram. Tun ina yaro nake ganin makaɗa na kara ganga a wuta. Ni na riƙe ta da hannuna, ni na kifa fuskarta a kan garwashi, tazarar kamu ɗaya. Tsohon yana cewa in ɗan juya, kada gefe ɗaya ya fi ɗaya. Muka ɗaga, ya ja tsirkiya, shiru. Ya ce ba ta ji ba tukuna. Na ƙara matsawa.

Ban ga lokacin da ta kama ba. Na dai ji "fuu", sai harshen wuta fari ya taso mini a fuska. Farin faifan nan ci yake kamar an zuba masa fetur. Na yar da ita, tsohon ya faɗi da baya ya ture kanun, na tuɓe rigata na danne. Duka abin bai kai karatun Fatiha ba. Da na ɗaga rigar, faifan babu shi sai baƙin danƙo, wayoyi sun fito kamar hanji, jan fenti ya yi bororo har kan ƙahon sama. Tsirkiya biyu sun tsinke. Wurin ya cika da warin kafur, irin wanda ake wankan gawa da shi.

Tsohon yana zaune a ƙasa yana salati. Da ya samu baki sai ya ce shekara hamsin yana gasa garaya, bai taɓa ganin fata mai wannan zuciya ba.

Na koma gida ba gira ɗaya. Matata ta dubi fuskata, ta dubi abin da na naɗo a riga. Ta kawo man shanu ta shafa mini a goshi. Mako uku na yi ina buɗe shago ina rufewa ban san abin da na sayar ba. Na yi tunanin in ce a haka Baturen ya ba ni, ya riga ya tafi, babu mai ƙaryata ni sai tsoho ɗaya. Tunanin bai kwana biyu ba na yar da shi. Abin da ya fi damuna shi ne ban gane inda na kuskure ba. An ce a sa wuta, na sa.

Ƙanen matata ya iso ranar wata Alhamis da hantsi, da sabuwar riga, ya kawo wa yayarsa atamfa. Tun daga ƙofa yake tsokanata, wai wace amarya ce ta aske mini gira. Na shigar da shi ɗaki na buɗe rigar. Na faɗa masa komai yadda ya faru, ban rage ba, ban jingina wa tsohon ba. Na ƙare da cewa abin da ya ce shi na yi.

Sai ya durƙusa a gaban angareb ɗin kamar mai gaisuwar mutuwa.

"Kahraba, Yaya," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Kahraba nake nufi."

Nan na zauna. A bakinmu lantarki kahraba ne, ba mu da wani suna. Ƙauyenmu ma ba a kawo shi ba, ga hazzan a gabanmu. Wuta kuwa wuta ce, abin da ake dafa tuwo da shi. Shi a wurin alhazan Kano ya ɗauko kiran lantarki wuta, har ya manta ba haka muke faɗa ba. Ya tambaye ni ko Baturen bai nuna mini wani baƙin akwati ba. Na ce ya nuna. Ashe shi ne bakinta.

Na zaci zai yi faɗa, na shirya wa hakan. Sai ya ciro sukundireba daga aljihu ya shiga kankare danƙon a hankali. Ya ɗaga ta ya daidaita ido da wuyanta, ya ce bai karkace ba. Ya shafa wurin da hannun Baturen ya goge, ya ce nan wuta ba ta taɓa ba. Cikin ƙarafan nan uku, biyu sun narke, amma na can ƙasa yana ganin da rai. Sai ya ɗago ya ce ciniki yana nan, gobe a kira shaidu a auna jarf.

Wannan ya fi wutar gigita ni. Na ce masa gawayi fa nake miƙa masa. Ya ce ko a haka ba zai ba da ita a kan jita goma masu ciki ba. Na ce to ni ba na karɓar gona a kan gawayi. Ya nace, na rantse. Ya cire rawaninsa ya naɗe ta, ya ɗauka a ƙirji, ya tafi bai ci abincin rana ba.

Bayan wata biyar ciniki ya kai ni Madani, na biya garejinsu da la'asar. Ya yanka sabon faifai daga murfin tukunyar alminiyam ya ɗaura mata. Tabon ƙunar yana nan, ya ƙi fentewa. Ya ce in zauna a kan taya. Ya jona waya daga jikinta zuwa wani akwati da ya haɗa da kansa, ya jona akwatin a bango, ya dube ni ya ce, "To, Balarabe, ga wutar." Ya ja tsirkiya ɗaya.

Kwanon rufin garejin ya amsa. Na ji ƙarar a haƙorana. Sautin ya tsaya a iska ya ƙi sauka, yana rawa, kamar mace mai guɗa wadda numfashinta ba ya ƙarewa. Masu wucewa suka tsaya. Shi kuwa ya rufe ido, katakon ya kwanta a haƙarƙarinsa daidai yadda ya faɗa mini a shago. Na zauna baki buɗe har ya gama, kuma lokacin ne kawai na yarda ba mahaukaci ba ne.

Ya yi shekara da shekaru yana kiɗa da ita. Jarf ɗin bai sake nomawa ba, ya danƙa shi a hannun yayarsa, ya ce nata ne ita kaɗai. Buhu tara na riɗi sun tafi, kuma riɗi ya yi tsadar da nake jira wata biyu bayan na sayar. Riga ɗaya ta ƙone. Girar ta fito, amma ba ta cika ba. Shingen yana nan inda yake, kuma duk shekara ina sayen lemun itatuwan nan goma sha ɗaya daga hannun matata, a farashin kasuwa, ba ta taɓa rage mini ko ƙwaya ba.