Shekarar da Autata Ta Daina Gaida Mutane

Ku matso, ku aro mini kunnuwanku. Wannan ba tatsuniya ba ce, a gidana ta faru.

Autata na aure a Dakko, wajen Bakura. Yarinya ce da tun tana ƙarama ko baƙo ta gani sai ta durƙusa. Sai ga saƙo daga uwar mijinta, wai ɗiyata ta yi girman kai. Ta wuce yayar surukinta a bakin rijiya ba sannu. Ta wuce liman. Ran nan ita kanta uwar mijin na zaune gefen rumbu, ta bi ta gabanta da tulu ko waiwaye babu. Aka ce ta zo gida ta huta. Ku kun san abin da hutun nan ke nufi.

Na zaunar da ita na yi ta faɗa. Ta ce, "Inna, wallahi ban gan su ba."

Na ce, "Rufe mini baki! Liman guda, da rawaninsa?"

Na buɗe idonta na duba. Fari tas, ba ja, ba kwantsa.

Muna nan, wata safiya ta ce wani baƙin abu ya tsaya mata a idon hagu. Wanta ya kai mu asibitin Mafara, suka tura mu Sakkwato. Likita ya ɗiga magani, ya haska, ya daɗe yana kallo. Ya ce wasu 'yan ƙwayoyi ne masu tauri a gindin jijiyar gani, da su aka haife ta. Suna cin ganin gefe a hankali, mai su bai sani ba. Baƙin nan kuwa jini ne ya tsattsafo can ciki. Jinin zai iya bushewa, ƙwayoyin ba a cire su.

Na ɗauke ta muka tafi Dakko, na faɗi haka da bakina. Uwar mijin ta leƙa fuskar yarinyar ta ce, "Hajiya, ina jinin? Ni ban ga jini ba."

Mijin ya maida ta bayan girbin shinkafa. Yayar surukin har ta rasu ba ta amsa mata gaisuwa ba. Uwar mijin na amsawa, amma a taƙaice. Jinin ya bushe, ganin gefe bai dawo ba. Autata yanzu in ta ji takun ƙafa sai ta durƙusa tun ba ta ga ko waye ba. Ni kuwa likita ya ce in komo a duba nawa idon, don abin kan bi jini. Har yau ban koma ba.