Jirgin da Ba Ya Tsayawa a Hanya

Ina aji biyu na makarantar tsakiya lokacin da abla, malamarmu ta kimiyya, ta shigo da shafin jarida ta manna a allo. Zanen jirgin ƙasa ne, wanda aka ce ana shimfiɗa wa hanya daga Makka zuwa Madina, ya ratsa ta Jidda. Fari ne sol, hancinsa dogo siriri kamar bakin zalɓe, wai don ya tsaga iska. Ba ya hayaƙi. Wani ƙarfe ne a samansa kamar hannu yake shafar wayar lantarki. Abla ta ce ƙofofinsa da kansu suke rufewa, kuma ko kofin shayi aka ajiye a gaban kujera ba zai zube ba. 'Yan aji suka yi ta tambayar ko za a ware wa mata nasu wurin. Ni ban ɗaga hannu ba, dama ba na ɗagawa. Na dai lura tagogin ba su da mariƙi ko ɗaya, gilashi ne mai duhu a jere daga kai har wutsiya.

Da na koma gida Karantina, unguwarmu a Jidda, na tarar da Kaka, mahaifiyar Baba, tana tsince shinkafa a bakin ƙofa. Hausa kawai take yi, ni kuwa ina jin Hausa fiye da yadda nake iya mayarwa, shi ya sa take kirana bebiya. Ranar na daure na ba ta labarin jirgin, ina lalubo kalmomi, tana gyara mini tana dariya. Ta ce in dai bebiya ta yi magana to abin babba ne. Sai da na kai kan tagogi hannunta ya tsaya a cikin faranti.

"Ba a buɗe su?"

Na ce ba a buɗewa, saboda yashi da ƙarfin iska.

"To ina da ina yake tsayawa?"

Na lissafa mata garuruwan da abla ta faɗa. Ta ce tsakanin nan fa? Na ce tsakani ba ya tsayawa. Ta ci gaba da tsintarta, ba ta sake tsokanata ba ranar.

Na san abin da ta tuna. Kakana ya rasu ne a hanyar Madina tun Baba yana goye. Zazzaɓi ya kama shi a bayan babbar mota za su ziyara, kafin su yi nisa da garin Rabig rai ya yi halinsa. Wasu makiyaya suka taimaka aka binne shi a ƙaramar maƙabartarsu, gefen wani busasshen kwari. Tun da Baba ya mallaki mota, duk shekara idan za mu Madina sai ya sauka daga kwalta ya bi wata turba har kusa da wurin. A ƙasar nan mata ba sa shiga maƙabarta, don haka Kaka ba ta fita. Gilashi take saukewa, ta yi sallama, ta daɗe tana magana ƙasa-ƙasa, mu kuma mu yi kamar ba ma nan. Ta san kabarin daga inda take zaune. Ba rubutu a kansa, duwatsu ne kawai irin na kowa, amma ita ta san nasa.

Da Baba ya dawo daga Abhur, inda yake aikin direba a wani gida, Kaka ta tambaye shi. Ya ce ta kwantar da hankalinta, ai ba wanda zai tilasta mata shiga jirgi, motarsa tana nan. Da ya tsaya a nan da ya fi. Amma Baba yana son bayani. Ya ce direbobin tifa da suke shan shayi tare sun gaya masa jirgi mai irin wannan gudu ba ya shan kwana, hanyarsa miƙe take kamar zare. In dutse ya tare a fasa shi, in kwari ne a cike. Gefe biyu kuma waya za a ja tun daga farko har ƙarshe, kada raƙumi ya hau. Kaka ta tambaya ko zaren zai bi ta wajen Malam, haka take kiran mijinta. Baba ya ce sahara tana da faɗi.

Daga nan ta fara ƙorafin hutun makaranta ya yi nisa. Wani lokacin tana cikin lazimi sai ta kira ni ta ce in faɗa mata alamomin hanya, don idonta ya fara rauni. In ce tsohuwar taya da aka binne rabi aka shafa mata farin fenti, sai bishiyar ƙaya mai karkata, sai baƙin dutse mai tsaga a ka. Ta ce madalla, bebiya ba baki sai ido.

Da hutu ya zo muka kama hanya da hantsi, mu uku. Tayar tana nan. Baba ya sauka daga kwalta. Ba mu yi nisa ba turbar ta ɓace cikin sawun manyan motoci, ƙasa duk an tattake ta ta zama gari. Bishiyar ban gan ta ba. A gabanmu wani dogon tudu ne na jar ƙasa da tsakuwa, samansa a daidaice kamar an yanka da wuƙa, ya miƙe hagu da dama har inda ido ya ƙare. A gindinsa shingen waya ne sabo, yana ƙyalli. Baƙin dutsen yana can bayan tudun, an cinye masa gefe ɗaya.

Kaka ta ce, "Me kike gani?"

Na faɗa mata. Ta ce maƙabartar fa? Na ce tudun ya tare.

Baba ya bi gefen shingen a hankali har muka kai wata ƙofa, inda wani mai gadi ɗan Sudan yake zaune a inuwar kwantena. Suka gaisa, Baba ya yi masa bayani da Larabci. Mutumin ya ce maƙabartar tana nan ba a taɓa ta ba, an ma zagaye ta da bulo. Sai dai yanzu tana can hayin, kuma ba a barin motar waje ta tsallaka. Baba shi kaɗai zai iya bari ya haura da ƙafa, ya yi sauri kafin injiniya ya zo. Ya leƙo ya dubi Kaka ya ce ya hajja ta yi haƙuri, tudun ma ba za ta iya hawa ba. Gaskiya ya faɗa.

Baba ya sunkuyo ta taga ya ce, "Inna, ba ni saƙon in kai."

Kaka ta juyo wajensa. Sannan ta fara, da ƙarfi yadda zai ji, kuma karo na farko ke nan da na ji irin abin da take faɗa wa Malam. A gaya masa ƙanwarsa ta can gida ta rasu bayan azumi. A gaya masa rufin ɗaki ya daina yoyo. An sabunta wa yaro, wato Baba, iƙamarsa ta zama a ƙasa. Bebiya ta ci jarrabawa, har ta fara magana. Nan ta tsaya. Baba ya ce shi ke nan?

"Sauran ba na aike ba ne," in ji ta.

Na bi shi da ido yana hawa tudun, tsakuwa tana zamewa a ƙarƙashin takalminsa, har farar rigarsa ta ɓace. Motar ta yi zafi. Kaka tana riƙe da carbi amma ba ta ja. Wata tifa ta wuce ta bayan waya, ƙurarta ta sauka a kanmu.

Da ya dawo gwiwoyinsa sun yi ja da ƙasa. Ya ce ya isar, ya yi addu'a. Ta tambaye shi a kan wane kabari ya tsaya. Baba ya goge fuska da hula. Ya ce daga ciki duk iri ɗaya suke, shi kullum daga inda mota take tsayawa yake hango su, kuma an ƙara wasu. Ya tsaya a tsakiya ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

Kaka ta ce to makiyaya ma sun ji rufinmu ya daina yoyo. Ba wanda ya yi dariya, ita ma ba ta yi ba. Baba ya ce shekara mai zuwa zai nemi wata hanyar ta bayan dutse, dole akwai inda aka bar wa raƙuma su ratsa. Ta ce Allah ya kai mu. Ya tayar da mota, muka koma kwalta. Har muka shiga Madina tudun yana tafe a hannun damanmu, wani lokaci kusa, wani lokaci nesa, ita kuwa hagu take kallo.